Motar Injiniya a Ɗakin Gwaggo

Shekara goma sha tara Almustapha ya yi a Ingila. Ya dawo Yelwan Yauri da digiri biyu, da ciwon baya, da mota ɗaya. Digirin suna ƙasan akwati, ciwon bayan yana bin sa duk inda ya sa ƙafa. Motar ce ta rasa wurin zama.

An ƙera ta a 1958. Koriya ce shar, kujera biyu rak, ba ta da rufi sai wani tamfol da ake naɗewa a baya, ƙafafunta kuma da wayoyi kamar na keke. A rumfar wani tsohon manomi ya tsince ta, kaji na ƙwai a kan kujerunta. Shekara shida ya yi yana tada ta da hannunsa, noti bayan noti, kuma a shekarun nan shida bai sami sukunin leƙo gida ba ko sau ɗaya.

Ranar da tirela ta sauke ta a ƙofar gida, rabin unguwa ya fito kallo. Wani tsohon masunci ya zagaya ta sau biyu, ya ce ai kwalekwale ne aka sa wa taya. Almustapha ya yi masa murmushin da ya tanada domin marasa sani. Bai ga amfanin yi wa jama'a bayanin cewa sitiyarinta a dama yake ba, don haka doka ba ta yarda ta hau babban titi ba. Bai kuma faɗa musu cewa tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce taƙi ɗaya ba, don haka lungunan Yelwa ma ba su yarda ba. Mota ce da ba ta zuwa ko'ina. Ɗaki take buƙata, busasshe, mai inuwa.

A gidansu na gado ɗaki ɗaya ne ya cika sharaɗi. Yana kan tudu, daɓensa na siminti, kwanonsa ba ya yoyo, yana kallon titi. Gwaggo Dudu ce a ciki, yayar mahaifinsu, tun rasuwar mijinta shekara arba'in da suka wuce. A bayan ɗakin take bandar kifi, ta taga take sayarwa, ta tagar kuma take jin wa ta haihu, wa ya rasu, jirgin wa ya kife a hanyar Ngaski. A wannan ɗakin aka yaye Almustapha.

Yayansa Mamuda ne ya shige gaba. Mamuda ne babba a gidan, amma tun da Almustapha ya fara aiko da abin cefane daga waje ya daina ce masa Almu, ya koma Injiniya.

Almustapha ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Gwaggo, wata biyu kacal. Kafin in gina mata gareji."

"Mi ne ne gareji?"

"Ɗakin mota."

"Ashe ita ma ɗaki take kwana." Ta juya tarwaɗar da ke kan faifai. "Ni kuma ina za a kai ni?"

"Ɗakin albasa," in ji Mamuda. "An share shi tas. Ba hayaniyar 'yan kabu-kabu, ba ƙurar titi. Wallahi hutu ne ya same ki."

Gwaggo ba ta dubi Mamuda ba. Almustapha ta duba, ta daɗe tana dubansa da idanun da suka fara yin fari-fari.

"Baƙuwa ce, daga nesa ta taho. A ba ta." Ta nuna sama da haɓa, inda wani ƙunshi ke rataye a katakon rufi. "Wancan ku bar shi inda yake. Gara ba ta kai can. Ai zan komo."

A makaranta an koya wa Almustapha cewa ba a fara aiki sai an tuntuɓi waɗanda abin ya shafa. Ya tuntuɓa. Kashegari magina suka fasa bangon da tagar take, suka kafa ƙofar ƙarfe mai faɗin mota. Ya ɗan ratsa ransa cewa ba a rushe bango domin wata biyu, amma a lokacin hankalinsa na kan ko ƙofar ta miƙe daidai.

Ɗakin albasa yana can ƙurya, inda gidan ya gangara. Ƙasa ce daɓensa. Ƙofarsa na kallon katanga, makwararar gidan duka kuma ta gabansa take bi. Can aka kai gadon Gwaggo da tukwanenta, aka kafa mata murhun banda a gefe.

Mako biyu tana banda a can. Masu saye suna ratsa gida ƙofa-ƙofa da sallama har su iske ta. Sai wata safiya Almustapha ya sunkuya kan kujerar motar ya shaƙa. Fatar da wani dattijon Bature ya ɗinka masa da hannu, wadda ya jira wata takwas kafin a gama, tana ƙamshin tarwaɗa.

Bai je da kansa ba. Mamuda ya je, shi kuma ya tsaya a inda zai ji.

"Injiniya ya ce kin wuce shekarun wahalar hayaƙi. Likitoci sun ce shina ɓata huhu."

"Shekara hamsin ina shaƙa."

"To ai shi ya sa. Ya isa haka nan. Duk abin da kike so, faɗi kawai, a kawo."

Gaskiya ne hayaƙi na ɓata huhu. Wannan ne ya riƙa kwantar wa Almustapha da hankali a makonnin da suka biyo: bai sa an faɗa wa Gwaggo ƙarya ba. Ya aika mata da madarar gwangwani, da ganyen shayi, da sukari. Aka mirgina murhun aka jingine bayan banɗaki. Masu saye suka zo sau ɗaya, sau biyu, suka koma wajen wata a bakin kasuwa. Masuncin da ke kawo mata ɗanyen kifi tun zamanin mijinta ya zo da kwando, aka ce masa ta yi ritaya. Ya tambayi mi ke nan, aka ce hutu. Ya ce Allah ya tsare shi da irinsa, ya ɗauki kwandonsa.

Da ta ga haka, sai ta riƙa jan 'yar kujerarta da hantsi, tana dafa bango, ta fito ƙofar gida ta zauna gindin ƙofar ƙarfen. Tsofaffin ƙawayenta suka gano ta. Aka dawo da hira, ana tauna goro, ana jingina da ƙofa, wata ma ta leƙa ta kafa ta ce a buɗe su ga amaryar da aka tashi Dudu dominta. Almustapha ya iske tofin goro a jikin fentin ƙofar. Wannan karon ma Mamuda ya je.

"Gwaggo, ba girmanki ba ne zama bakin titi. Mutane za su ce mun kasa riƙe ki."

Ta koma. Ta riƙa zama a bakin ɗakin albasa tana kallon katanga, hannuwanta a kan cinya, a buɗe, kamar wadda aka ce ta riƙe wani abu aka manta ba a miƙo mata ba.

Hafsatu, matar Mamuda, ita kaɗai ke iya faɗa masa magana, saboda wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta. Bature take ce masa, motar kuma Hajiya.

"Bature, ya Hajiya ta kwana? Sauro bai dame ta ba?"

"Lafiya lau."

"Madalla. Ka gaishe ta. Ka ce in tana son koko akwai saura, ta ɗakin albasa ba ta sha nata ba."

Ya yi dariya, don dariya ake yi wa wasan matar yaya.

Akwai wata ƙungiya ta masu irin wannan mota, yawancinsu tsofaffin Turawa 'yan fansho, suna musayar hotuna ta waya. Almustapha ne kaɗai ɗan ƙungiyar daga wannan nahiya, kuma ya tabbatar kowa ya sani. Suka roƙe shi hotonta a bakin tafki. Ya zaɓi wata Asabar kafin damina ta sauka.

Irin wannan fenti ba a goge shi sai da auduga zalla, mai laushi, wadda ba ta barin zare. Tsummokaran da ya zo da su sun ƙare, yadin kasuwa kuma duk da roba a ciki. Yana kan tsani yana ɗaura ƙwan lantarki, kansa ya bugi ƙunshin nan. Ya sauko da shi. Tsohon zane ne a waje, leda a ciki, cikin ledar kuma farin yadi a linke tsaf, ba ɗinki ko ɗaya a jikinsa. Ya murza shi tsakanin yatsu. Ya daɗe yana neman irin wannan laushin.

Ya tuna ta ce a bar shi. Ya kuma tuna cewa tsofaffi ba su yar da komai, ragowar yadi ma sai sun adana. Zai saya mata shadda a madadinsa, har da kuɗin tela. Ya ɗauko almakashi.

Ya yanka na huɗu ke nan Mamuda ya shigo. Ya tsaya cak.

"Injiniya, wanga yadi..."

"Ka ga kyau ko? Ba a yin irinsa yanzu."

Mamuda ya buɗe baki, ya dubi almakashin, ya dubi motar, ya rufe.

"Ba a yi," ya ce, ya fita.

Gida goma sha biyu ya raba shi. Motar ta yi ƙyallin da mutum ke ganin haƙoransa a jikin ƙofarta. Ya tuƙa ta a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya gangara bakin ruwa, ya daidaita ta yadda kwalekwale uku za su fito a bayanta. Ya ɗauki hoto ya tura wa ƙungiya. Turawa fiye da ɗari biyu suka yaba. Wani ya rubuta cewa abin farin ciki ne a ga ana kula da tsohuwa haka. Almustapha ya karanta sau uku.

Damina ta sauka.

Ɗakin albasa don albasa aka gina shi, ita kuwa ana kwashe ta kafin ruwa ya yi nisa. Ruwan gidan duka ya riƙa taruwa a bakin ƙofar, yana tsattsafowa ta ƙasa. Bango ya yi gumi, tabarma ta yi funfuna. Gwaggo ta fara tari, irin wanda ke tasowa daga ƙasan ciki. Ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga.

Ba a ce Almustapha ya manta da gareji ba. Sau uku ya zana shi, kowane zane ya fi na baya kyau. An kawo bulo an jibge a tsakar gida. Magini ya ce a bari ruwa ya ɗauke, shi kuwa, wanda ya sha ganin ana gina bene mai hawa ashirin cikin ruwan sama a Ingila, ya ce ai masu sana'a sun fi sanin sana'arsu.

Yana da wata 'yar na'ura kamar agogo mai auna danshin iska. Kullum da safe sai ya duba ta a ɗakin motar. In ta haura sittin sai ya tada janareto ya kunna fanka. Wata rana ya manta da ita a aljihu ya shiga gaida Gwaggo. Da ya durƙusa ta faɗo kan tabarma. Casa'in da huɗu. Ya san abin da casa'in da huɗu ke yi wa fata, ya san abin da take yi wa ƙarfe, ya san cikin kwana nawa. Ya yi wuf ya mayar da ita aljihu.

"Mi ne ne wannan?"

"Agogo ne, Gwaggo."

Ƙaryarsa ta farko ke nan, kuma ya yi mamakin yadda ta fito ba tare da gargada ba.

"To duba mini. Wata biyun naka sun cika, ko na Ingila sun fi namu tsawo?"

Wata na biyar ake ciki. Ya yi 'yar dariya, ita ba ta yi ba.

"Almu." Ita kaɗai ta rage mai kiransa haka. "Ina son in koma ɗakina."

Tun da ya san ta ba ta taɓa roƙonsa komai ba. Ko lokacin da yake can, in ya kira waya ya ce mi za a aiko mata, cewa take ya aiko da kansa.

"Da ruwa ya ɗauke, Gwaggo. In na fitar da ita yanzu tsatsa za ta ci ta."

"Tsatsa take yi?"

"Ƙwarai. Ƙarfen da ne."

"Allah sarki." Ta yi tari mai tsawo, ta tofa a gwangwanin madara. "Mu dai Allah ya rufa muna asiri, ba mu tsatsa."

Hafsatu ta kirawo wata ma'aikaciyar jinya da ke unguwar. Matar ta saurari ƙirjin, ta danna ƙafar, yatsanta ya bar rami. Ta rubuta magani, ta ce amma maganin farko shi ne a fitar da ita daga ɗakin nan. Aka zauna shawara. Ɗakin Almustapha a sama yake, matakala goma sha biyar. Na Hafsatu da yara biyar a ciki, Gwaggo kuma ta ce ba ta tashin kowa daga ɗakinsa, ta san yadda abin yake. Ɗaki na uku ba wanda ya ambace shi.

Almustapha ya sayi duk abin da aka rubuta. Ya ƙara da katifa, da bargo biyu, ya sa aka ɗora gadon kan bulo huɗu daga cikin na gareji, kuma ya ji a ransa cewa ya yi sadaukarwa. Mamuda ya riƙa kai masu dubiya su ga katifar.

"Ku taɓa ku ji. Ko a Birnin Kebbi sai gidan wane da wane."

Suna taɓawa, suna sa albarka, suna ɗage riguna kar laka ta ɓata.

Ran wata Alhamis da hantsi, Hafsatu ta iske shi a ɗakin motar yana goge fitila. Ba ta tambayi lafiyar Hajiya ba.

"Gwaggo ta ce a kai mata ƙunshinta. Ta ce jikinta ya gaya mata lokaci ya yi da za ta gan shi kusa."

Ta ɗaga kai. Igiya kaɗai ke lilo a katakon. Ta sauke ido kan hannunsa, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Ka san mi ke hannunka?"

"Tsumma."

"Likkafaninta ne."

Ya dubi abin. Yana da baƙin mai a gefe guda.

"Daga Makka ta taho da shi," in ji Hafsatu. "Da hannunta ta tsoma shi cikin Zamzam, ta shanya a can. Shekara ashirin da biyu. Duk watan azumi ni ke sauko mata da shi ta duba, in mayar."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Wa zai gaya maka? Tsohuwa ta rataye farin yadi a sama, ba ɗinki, ta ce kar a taɓa. Ka ɗauka anko ta aje?"

Aka kira Mamuda. Ya ce shi dai ya shigo ya iske an riga an sa almakashi, magana ba ta mayar da yankakke. Ya ce kuma, in za a bi gaskiya, farin yadi farin yadi ne. Idonta ba ya gani sosai. Akwai ragowar Zamzam da surukinsa ya kawo bara, a yayyafa, shi ke nan, an rufa wa kowa asiri, har ita.

"Ba da hannuna ba," in ji Hafsatu, ta fita.

Almustapha ya tafi kasuwa da kansa. Rumfa huɗu ya bi yana murza yadi, don ya zama gwani a wannan fannin. Ya zaɓi mafi kyau. Mai rumfar ya rage murya ya tambayi wa aka rasa, ya ce ba kowa tukuna. Suka yayyafa ruwan, suka linke, suka naɗe cikin tsohon zanen, Mamuda har da gyara ƙullin ya yi kama da na da.

Gwaggo na jingine da filo. Ta kwance ƙunshin a hankali, ta shafa yadin, ta kai shi hanci.

"Wanga na kanti ne."

"Naki ne, Gwaggo," in ji Mamuda. "Kin daɗe ba ki..."

"Mamuda, yi mini shiru. Nawa ya sha hayaƙina shekara ashirin. Ko cikin kabari na san shi." Ta juya wajen da take jin numfashin ɗayan. "Almu, ina kayana?"

Ya taɓa tsayawa gaban Turawa ɗari yana bayanin injin jirgin ƙasa ba tare da duba takarda ba. Wannan bayanin jimla uku ne, kuma sai da ya sake farawa sau biyu. Ya jira kuka. Ya jira tsinuwa, ya ma shirya mata, don da ta fi sauƙin ɗauka.

"Ta yi ƙyalli?"

"Ta yi."

"To. Kawo mini su."

Ya kwaso su daga bokiti. Wasu da baƙin mai, wasu sun yi kore-kore da man goge fenti, ɗaya ya ƙone a gefe inda ya taɓa salansa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsu har ta tabbatar sun cika. Ta ce Hafsatu ta wanke su, ta nemo allura da farin zare.

"Da wanga za a rufe ni."

"Haba Gwaggo," in ji Mamuda. "Ga sabo. Mutane za su gani."

"Za su gani. Masu wanka su gani, masu ɗauka su gani. Ban ce kowa ya yi magana ba." Ta tura sabon yadin gefe da bayan hannu. "Wanga ku kai ma baƙuwarku."

A tsakar gida Mamuda ya cire hula ya share gumi.

"Injiniya, a fitar da motar nan. In ta cika a ɗakin albasa, aka naɗe ta da tsumman mota, ba mu ƙara ɗaga kai a Yauri."

Almustapha ya lura cewa abin da tarin wata uku bai yi wa Mamuda ba, tsoron bakin mutane ya yi shi cikin minti biyar. Ya kuma lura cewa shi ma nan take ya yarda.

Kashegari da safe suka tura motar waje, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Almustapha ya naɗe tamfol ɗin baya don ya ga gefe da gefe, kar ta gogi ƙofa. Aka wanke daɓen sau uku. Tabon baƙin mai bai fita ba, warin fetur ma haka. Mutum huɗu suka ɗauko Gwaggo a kan katifa. Shi ke riƙe da wajen kai, kuma ya kasa hana kansa ƙiyasta cewa ba ta kai nauyin taya biyu ba.

Ta sa aka bar ƙofar ƙarfen a wangale. Titi ya shigo ɗakin gaba ɗaya: 'yan kabu-kabu, masu turin baro, mata masu dawowa daga bakin ruwa da kwanduna a ka. Suka riƙa tsayawa.

"Dudu, ashe kina nan?"

"Ina nan. Ɗana ne ya faɗaɗa mini taga."

Almustapha ya ji daɗin maganar na ɗan lokaci.

Da la'asar ta ce a ba ta aikinta. Hafsatu ta zura mata zare ta koma madafa. Hannun Gwaggo na rawa, sai da mai riƙe bakin yadin ya ja shi ya miƙe. Almustapha ya zauna a ƙasa, daidai kan tabon man, ya riƙe. Tana lalubawa, tana haɗa baki da baki, tana soka allura da ɗinki manya-manya. Wankin bai fitar da komai ba. Koren na nan, baƙin na nan. Numfashinta na fita da ƙara kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ya ja yadin daidai yadda take so, ba sai ta faɗa ba. Masu wucewa na ganin Injiniya zaune a ƙasa gaban gwaggonsa. A hankali ya fara jin kansa mutumin kirki.

Sai iska ta juyo daga wajen tafki, mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa. Ganyen darbejiya suka fara zuba. Masu talla suka hau tattara kaya. Ɗigo ɗaya ya faɗi a kan kwano, sai na biyu.

Sai ya tuna bai mayar wa motar tamfol ɗinta ba.

Bai waiwaya ba. Ya kafa ido kan allurar. Amma ya san fatar nan, ya san minti nawa take ɗauka kafin ruwa ya shige ta. Ya san katakon gaban sitiyari da wayoyin da ke bayansa, don shi ya jera su ɗaya-ɗaya. Ya san daidai inda ruwa zai kwanta a ƙarƙashin kujera.

"Ka saki," in ji Gwaggo. "Ja da kyau."

Ya ja. Ruwan ya ƙaru.

"Almu."

"Na'am, Gwaggo."

"Je ka rufe ta."

"A'a. Ina nan."

"Hannunka dai na nan."

Ta soka allura, ta huta, ta jawo zare. Ya ci gaba da zama. Ya ƙirga ɗinki ɗaya, biyu, uku, kowane na cin numfashinta biyu. Ya gaya wa kansa cewa fata ce kawai, fatar saniya, an taɓa dukanta da ruwa tun tana jikin mai ita. Ya gaya wa kansa cewa wannan zaman shi ne abu ɗaya da aka taɓa nema a wurinsa wanda ba a saye a kasuwa. Duk ya yarda da su. A ɗinki na biyar aka yi tsawa, ruwan ya kece gaba ɗaya.

Ya ajiye bakin yadin a hankali, da ladabi, yadda ake ajiye kayan manya. Ya fita da gudu.

Yana kokawa da tamfol, ruwa na shiga masa wuya, ya waiwaya sau ɗaya. Gwaggo ta laluba ta jawo bakin yadin, ta danne shi da kumburarriyar ƙafarta, tana neman inda ta tsaya.